Kunyar da Muke Ji a Bakin Ƙofar Mota



Bahaushe yana da ladabin shiga mota, kuma ladabi ne mai kyau. Kafin ya sa ƙafa zai yi bismilla. Zai yi wa waɗanda ya tarar sallama. In akwai dattijo, zai ja da baya ya bar masa gidan gaba. In mace ta zo da goyo, wani zai karɓi jakarta, wani ya muskuta ya ba ta wuri. In mota ta ɗauki hanya a yi addu'a, can kuma wani ya fito da goro ko dabino ya miƙa wa na kusa da shi, ko da bai san sunansa ba. Wannan duk abin alfahari ne, ba na neman a taɓa ko ɗaya.

Rigimata da ɗaya ɓangaren ladabin ce, wanda muka gina a kan kunya da kawaici. Shi ne ladabin da ya ce kada ka tanka in an cusa mutum na biyu a kujerar gaba. Shi ne ya ce raini ne ka ce wa kawunka ya ɗaura bel. Shi ne ya ce in ka leƙa tayar motar da za ka shiga ka cika iyayi, in ka ce wa direba ya rage gudu ka cika tsoro, in kuma ka fasa tafiyar ka rasa tawakkali. Wannan ladabin ya binne mutane da yawa. Sau da yawa a minti ɗayan da ke tsakanin buɗe ƙofa da tayar da mota ake yanke wanda zai fita da rai in hatsari ya faru. Mu kuma marubuta muna da kaso a cikin laifin, zan zo kanmu.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Ya ce a tsakanin masu shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya fi shi kisa a duniya. Ku duba shekarun nan da kyau, yawancinmu a ciki muke, ƙannenmu da 'ya'yanmu ma haka. Kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi ko'ina yawan mace-macen, alhali shi ne mai ƙarancin motoci. Ashe ba yawan mota ne ke kashe mu ba. Irin motar da irin hanyar suna da nasu laifin, amma yadda muke shiga da yadda muke zama ma suna da nasu, kuma wannan shi ne ɓangaren da ke hannun fasinja.

Lissafin ba shi da wuya. In mota tana tafiyar kilomita 50 a awa, wato iyakar gudun da doka ta yarda da shi a cikin gari, jikinka ma gudun da yake yi ke nan. In ta daki wani abu ta tsaya cak, ita ce ta tsaya, kai ba ka tsaya ba. Za ka ci gaba da tafiya har sai wani abu ya tare ka, ko gilashi, ko sitiyari, ko ƙeyar wanda ke gabanka, ko kwalta. Ƙarfin wannan bugun daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku. In gudun ya kai kilomita 100, ƙarfin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi, kamar faɗowa daga mita 40. Babu mai hankalin da zai tsaya a bakin rufin bene ya ce ai kusa zan je. Amma kullum muna faɗin haka a mota: "Nan da Sabon Gari ne fa, mene ne na wani bel?"

Bel ɗin da muke rainawa, mai ratsa ƙirji da ƙugu, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Volvo a 1959. Kamfanin ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar kyauta, saboda ya ga abin ya wuce na ciniki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi na iya rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta ɗaura shi tun ranar 1 ga Janairun 2003. Yaron da aka haifa a ranar yanzu ya isa aure. Amma har yau me muke yi? Direba ya hango 'yan rod-sefti ya ce, "Maigida, ja bel ɗin nan." Maigida ya jawo ya riƙe da hannu kamar mai riƙe da akalar raƙumi, ana wucewa ya saki. Wani kuma ya zagaya da shi ta bayan kujera ya maƙale don motar ta daina yi masa ƙara. Wani ya ce zai ɓata masa farar shadda. To, farar shadda da likkafani duk farare ne, sai mutum ya zaɓa. Mun mayar da abin da aka yi don ranmu abin da ake yi don jami'i, kamar shi ne zai fasa gilashi da goshinsa.

Mafi muni shi ne imanin da muka yi cewa kujerar baya aljanna ce. A al'adarmu ta yanzu babban mutum a baya yake zama, ta ɓangaren dama, ya miƙe ƙafa, direba ya ja. Ɗaura bel a wurin kamar zubar da girma ne. Ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Motar babbar jif ce ta gwamnati, ba Golf ɗin tasha ba. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗura ya nuna tayar baya ce ta fashe ana cikin gudu, direba ya taka birki da ƙarfi, motar ta ƙwace ta yi ta juyawa. Ministan da ɗansa suna baya ba bel, motar ta watso su waje. Waɗanda ke gaba da bel a jikinsu sun rayu. Mota ɗaya, hatsari ɗaya, daƙiƙa ɗaya. Wanda ke baya ba bel kuma ba kansa kaɗai yake jefawa cikin haɗari ba, domin in mota ta tsaya cak, shi ne dutsen da zai daki na gaba ta baya. Don haka in na ce maka ka ɗaura, ban shiga rayuwarka ba, wuyana nake karewa.

Sai maganar yara, inda soyayyarmu ke zama makami. Uba ya ɗora ɗansa a cinya yana tuƙi, yaron na wasa da sitiyari, a ɗauki hoto a sa a Facebook, mu kuma mu bi da "Masha Allah, direban gobe." Uwa ta zauna a gidan gaba ta rungume jaririnta, tana ganin babu inda ya fi nan aminci a duniya. A bugun kilomita 50, nauyin jiki na iya ninkuwa sau 30 ko fiye. Yaro mai kilo 10 zai koma kamar kilo 300, buhun shinkafa shida a lokaci guda. Babu uwar da hannunta zai riƙe wannan, duk son da take masa. In ita ma ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai matse shi da gaban motar. In motar tana da jakar iskar nan da ke fashewa a gaba, an yi ta ne don ƙirjin babba, ƙaramin yaro kuwa tana iya yi masa illar da ta fi ta hatsarin. Shi ya sa ƙa'idar hanya ta ce yaron da bai kai shekara 12 ba wurinsa baya. Ƙanana suna buƙatar kujerarsu ta musamman da ake ɗaurewa. Na san ba kowa ke da kuɗinta ba. Amma mutumin da ya sayi mota ya sa mata baƙin gilashi da manyan lasifikoki ba zai ce min kujerar yaro ce ta gagare shi ba. Mai juna biyu ma tana ɗaura bel: na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin cikin a kan ƙugu, na sama ya bi ta tsakiyar ƙirji ya kauce wa cikin.

Mu je tasha. Golf an ƙera ta don mutum biyar har da direba. Mu muna zuba huɗu a baya, biyu a gaba, wani lokacin a raba kujerar direban ma da wani, sannan a buɗe but a ɗaure kaya da igiya har su fi motar tsawo. Sharon mai kujera bakwai, kowa ya san adadin da take ɗauka a hanyoyinmu. Kowane mutum da aka ƙara yana tsawaita nisan da mota za ta yi kafin birki ya tsayar da ita. Yana ƙara wa taya nauyi da zafi, a kan kwaltar da rana ta riga ta gasa, har ta fashe. Kayan da aka jibga a sama suna sa mota saurin kifewa a kwana. Shi kuwa mutum na biyun da ke gidan gaba, a kan birkin hannu yake zaune, cinyarsa na tokare giya, kuma bel ɗaya ba ya ɗaure mutum biyu. Duk wanda ke cikin motar ya san wannan. Amma in ɗan kamasho ya ce, "A gyara, a matsa, saura mutum ɗaya," sai kowa ya sunkuyar da kai ya matsa. In wani ya yi magana, fasinjojin ne za su fara taso masa: "Malam, in kana son jin daɗi ka sayi taka." Wanda ake ƙoƙarin ceto shi ne lauyan wanda zai kashe shi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba zan raina ta ba. Za a ce talauci ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Direba yana da balas da zai kai wa mai mota, ga kuɗin yuniyon, ga na shingayen hanya. In ya ɗauki mutum huɗu maimakon shida, dole kuɗin kujera ya ƙaru, kuma akwai wanda ƙarin zai hana shi zuwa jana'izar mahaifiyarsa. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa babban laifin na hukumomin da suka bar mu ba jiragen ƙasa wadatattu, ba manyan motocin haya masu tsari, da jami'an da ke ganin lodi ya wuce ƙa'ida su miƙa hannu su kau da kai. Ban wanke su ba. Amma talauci bai bayyana komai da komai ba. Ɗaura bel ba ya cin ko kwabo. Mayar da yaro baya kyauta ne. Cewa direba ya ajiye waya kyauta ne. Kuma in talauci ne kaɗai, me ya sa motocin kai amarya, waɗanda babu mai biyan kuɗin kujera a cikinsu, su ne suka fi kowa hauka? Samari a kan tagogi, ana tsere, ana juyi a tsakiyar titi, ga 'yan mata cunkushe a baya suna ihu. Wannan ba yunwa ba ce, hali ne. Kuma wanda ya taɓa zaman jinyar karaya a asibitin ƙashi na Dala ya san cewa rarar da aka samu a kuɗin kujera ba ta sayen ko bandeji.

Amsa ta biyu ita ce ƙaddara. "In kwana ya ƙare, ko da bel ko babu." Babu musulmin da ke jayayya da ajali. Amma mutumin nan da ke faɗin haka yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu, yana sa wa wayarsa lambar sirri, yana ƙirga canjinsa kafin ya bar gaban mai shayi. Bai taɓa barin kuɗinsa a tebur ya ce in rabonsa ne zai dawo ya same su ba. Sai a kan ransa da ran 'ya'yansa ne tawakkalinsa ke tashi. Addu'ar hawa da muke karantawa, wadda ke cikin aya ta 13 da ta 14 na Suratuz Zukhruf, ita kanta tana tuna mana ne cewa abin da muka hau ya fi ƙarfinmu, kuma akwai makoma. Wanda ya fahimci haka ba zai karanta ta da baki sannan ya yi wasa da hannu ba. Kowa ya san hadisin mai raƙumi, wanda aka umarta ya ɗaure dabbarsa kafin ya dogara ga Allah. Ɗaurewa aka ce. Kalmar ma ba ta canza ba.

Akwai masu cewa bel zai riƙe su in mota ta kama wuta ko ta faɗa ruwa. Kwance bel daƙiƙa ɗaya ne ga wanda ke cikin hayyacinsa. Wanda kansa ya daki ƙarfe ya suma ba ya buɗe ƙofa, ko da babu abin da ya ɗaure shi.

To mene ne cikakken ladabin shiga mota? Ga direba, yana farawa ne kafin ya taɓa ƙofa. Ya zagaya motar sau ɗaya. A gidajenmu da lungunanmu yara suna wasa a inuwar mota, na rarrafe ba ya fitowa a madubi, kuma akwai gidajen da uba ya yi baya da mota ya taka ɗansa, baƙin cikin da ba ya warkewa. Ya dubi tayoyinsa. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: in ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Da yawa daga tayoyin gwanjon da muke saye sun tsufa tun kafin su iso, ko da zanensu bai cinye ba. Ya gyara kujera da madubi, ya tabbatar kowa ya zauna, ƙofofi sun rufu, sannan ya tayar. In ya fita kuma ya kulle motar, domin yara na shiga motar da aka bari a buɗe su kasa fitowa, zafin cikinta kuwa a ranar Afrilu ba ya ba da lokaci.

Ga fasinja, ya shiga ta ɓangaren da ba titi ba. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka ƙofar dama ce ke kallon gefen hanya, ta nan ya kamata a sa yara da tsofaffi, ta nan kuma a sauke su. Mai babbar riga ya tattare ta, mai dogon hijabi ko mayafi ta janyo shi ciki kafin a rufe ƙofa, musamman a Adaidaita Sahu da ba ta da ƙofa kuma taya na kusa. Wajen fita, akwai dabarar da ake koya wa direbobi a ƙasar Holan, wadda Birtaniya ma ta sa a ƙa'idojin hanyarta a 2022: ka buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita. Hakan zai tilasta maka juyawa, sai ka ga mai babur ɗin da ke tahowa ta baya. A gari irin Kano ko Zariya, wannan ƙaramar dabarar kaɗai za ta hana karaya da yawa.

Ladabi ya haɗa da sanin motar wa za ka shiga. Mutanen Abuja sun san 'yan "wan-cans", masu fashin da ke shigar direba da fasinjoji su ɗauki mutum a bakin hanya. Motar tasha ta fi ta bakin titi tsada, amma tana da wanda ya san ta, kuma akwai takardar da ake rubuta sunan fasinja da lambar ɗan'uwansa. Mutane na rubuta sunan ƙarya a takardar nan don ganin ɓata lokaci ce, alhali ita ce za ta sa a kira gidanku in ba ka iya magana. Ka dubi lambar motar ka tura wa wani a gida. Ka dubi idon direban: wanda ya kwana yana tuƙi ko ya sha wani abu ba ya ɓoyuwa. Ka riƙe lamba 122 a ka, ita ce ta kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗura. 'Yar'uwa kuma, in mai mota ya tsaya ya ce zai rage miki hanya, "A'a, na gode" cikakkiyar amsa ce, ba ta buƙatar ƙarin bayani ko murmushin ban haƙuri.

Kuma babu ɗaya daga cikin wannan da ke buƙatar rashin kunya. Hausa ba ta rasa hanyar faɗin gaskiya cikin girmamawa ba. "Baba, bari in taya ka jawo bel ɗin." "Hajiya, da kin dawo baya da yaron, ya fi kwanciyar hankali." "Malam direba, don Allah a sassauta, gara mu isa da dare." Wace kalma ce ta raini a nan? In mutum ɗaya ya faɗa, za a ce ya cika surutu. In mutum uku suka faɗa, direba zai ɗaga ƙafa. Aikin na biyu da na ukun shi ne kada su bar na farko shi kaɗai. In kuwa an ƙi ji, sauka ba abin kunya ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yanzu na zo kanmu. Ku buɗe labaran da muke rubutawa muna turawa a waya, ku duba yadda mota ke shiga cikinsu. Jarumi ya yi fushi, sai ya fizgi mota da mugun gudu, mai gadi ya yi tsalle gefe. Jarumi yana cikin shauƙi, sai ya tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da na jaruma, idonsa a kanta. An ce masa ba ta da lafiya, sai ya cinye kilomita wajen 230 da ke tsakanin Kano da Kaduna kamar mai tsallaka kwata, mu kuma mu kira wannan soyayya. Muna iya cika shafi guda da sunan motar da launinta da ƙamshin turaren da ke cikinta, amma ba ma iya ba da rabin layi ga hannun da ya jawo bel. A wajenmu gudu jarumta ne, taka-tsantsan kuwa halin tsoho ne ko na matsoraci. 'Yan mata da samari dubbai suna karanta wannan a daidai shekarun da suke tsara irin namijin da za su so da irin namijin da za su zama.

Sannan ga yadda muke amfani da hatsarin kansa. In muna son jaruma ta zama marainiya a babi na farko, sai iyayenta su yi hatsari. In kishiya ta gama aikinta a labari ba mu san yadda za mu yi da ita ba, sai hatsari. In muna son jarumi ya manta komai, hatsari. Kuma kullum hatsarin daga sama yake faɗowa, ba shi da dalili, ba shi da mai laifi: waya ce kawai za ta yi ƙara, a yi salati, a wuce zaman makoki. Da haka muke koya wa mai karatu cewa hatsari kamar tsawa yake, babu abin da ɗan'adam zai iya yi. Wannan ƙarya ce a rayuwa, kuma lalaci ne a rubutu.

Za a ce adabi ba wa'azi ba ne, marubuci ba jami'in hanya ba ne. Na yarda, kuma ba na son labarin da jarumi zai tsaya ya karanto dokokin tuƙi. Abin da nake nema gaskiya ce. In jaruminka mai gangancin tuƙi ne, ka bar shi da halinsa, amma ka bar gangancin ya yi tsadar da yake yi a duniya. In za ka kashe mutum a hanya, ka koma baya ka nuna mana tayar da aka ce a canza aka ce sai an dawo, da direban da ya yi hamma a tasha, da matar da ta buɗe baki za ta yi magana ta tuna surukinta ne ke tuƙi ta yi shiru. A nan labarin yake. Ka ɗauki yarinya da za ta tafi makaranta karon farko, kuɗinta daidai na kujera ɗaya, an ce ta matsa a ƙara mutum, duk motar manya ne, kowa ya zuba mata ido. Za ta yi magana ko ba za ta yi ba? A wannan minti ɗayan akwai tsoro da talauci da tarbiyya da matsayin mace a cikin maza, abin da shafi goma na bayanin falo da kayan ɗaki ba zai ba ka ba. Yadda mutum ke shiga mota yana tona halinsa: wa ya buɗe wa ƙofa, ina ya zaunar da ɗansa, me ya ce wa direbansa. Marubucin da bai lura da wannan ba ya yi asarar kayan aiki.

Wanda ke ganin wannan ba hurumin marubuci ba ne ya tuna cewa lokacin da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a watan Fabrairun 1988, shugabanta na farko marubuci ne, Wole Soyinka, shekara biyu bayan ya karɓi kyautar Nobel. Tun a 1965 ya fitar da wasan kwaikwayo mai suna The Road, wanda ya gina a kan direbobi da 'yan tasha da mutuwar hanya. Bai ga cewa alƙalaminsa ya fi ƙarfin maganar taya da birki ba. Mu da ba mu kai ko'ina ba tukuna bai kamata mu fi shi girman kai ba.

Al'ada ba daga sama take saukowa ba, mutane ne ke yin ta, kuma masu ba da labari suna cikin masu yi. Kakanninmu ba su gaji ladabin mota daga kowa ba, su suka ɗauko sallama da girmama babba da addu'ar tafiya suka shigar da su cikinta. Abin da ya rage mana shi ne mu ƙarasa aikin, har ya zama wanda ya bar gidan gaba ga dattijo ya kuma miƙa masa bel, har ya zama abin kunyar shi ne a ga ɗanka a cinyarka kana tuƙi. A labarin da kake rubutawa yanzu, akwai inda wani zai shiga mota. Ka tsaya a wurin ka sake dubawa kafin ka bar shi ya tayar.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya jiƙan waɗanda hanya ta ci.